Famfon kwashe ruwa a jirgi ya toshe: a gyara shi, ko a canja wani iri?

Duk mai jirgi a dam ɗin Dadin Kowa, ko mai fito a kogin Gongola ta wajen Nafada, ya san jirgi ba ya rabuwa da ruwa a cikinsa. Na katako yana tsatsafo ta mahaɗar katako komai kwaltar da aka shafe shi da ita. Na faiba ba ya yoyo haka, amma igiyar ruwa tana watso masa, ga koma da ake jawowa tana zuba, ga uwa uba ruwan sama. Jirgi mai tsawon mita 8 da faɗin mita ɗaya da rabi, idan ya kwana a kwata aka yi ruwan milimita 30, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta a Gombe, zai wayi gari da wajen lita 360 a cikinsa. Nauyin buhun siminti bakwai ke nan har da ɗori, tun ba a ɗora fasinja ko ɗaya ba.

Wannan ya sa wasu suka fara saka ƙaramin famfo mai aiki da batir. Kuma ƙorafin da ake ji kusan ɗaya ne: ba ya ƙarko, kwana kaɗan ya mutu. Da yawa daga cikin famfunan da ake jefarwa da sunan sun mutu toshewa kawai suka yi. Saboda haka kafin a yi maganar wanne za a saya, sai an fara tabbatar da cewa na hannu ya mutu ɗin da gaske.

A kunna shi a kasa kunne. Idan shiru ne tsit, ba ƙara ba motsi, matsalar wuta ce kafin komai: fis, kan batir, ko mahaɗar waya da ta kwana cikin ruwa ta yi kore. Idan yana gurnani ƙasa-ƙasa amma bai juya ba, wani abu ne ya riƙe fankar da ke tura ruwa a cikinsa, a kashe shi nan take. Idan kuwa yana juyawa da ƙara mai kaifi, ruwa bai fito ba ko yana fitowa ɗis-ɗis, to rariyar da ke ƙasansa ce ta toshe, ko iska ta maƙale masa, ko tiyon ne da matsala.

A cire waya daga kan batir tukuna. Irin famfon da ake nutsarwa cikin ruwa, ƙasansa kwando ne na roba mai tsaga-tsaga, da kunnuwa biyu a gefe. Ana danna kunnuwan da yatsa sai jikin famfon ya fito, kwandon ya zauna a inda aka ɗaure shi. A jirgin masunta abin da za a tarar a kwandon nan ba ya canjawa: ɓawon karfasa ya jeru a kan tsagogin ya manne kamar an liƙa shi da gam, a bayansa laka da garin katako, da saiwar kainuwa, wani lokaci da guntun ledar fiya wata. Wannan mai sauƙi ne, tsohon burushin haƙori da ɗan omo sun wadatar. Mugun yana can ciki. A juya famfon a dubi fankar, 'yar ƙarama ce, ba ta wuce murfin kwalba da yawa ba. A taɓa ta da yatsa. Lafiyayya tana juyawa da ɗan tsalle-tsalle saboda maganaɗisun motar. Idan ta yi tauri, a haska tocila a tsakanin fankar da jikin famfon, za a ga zaren kalli ya nannaɗe sandar ƙarfen, fari, siriri, ya matse har ya zama kamar zobe. Da ido daga nesa ba a ganinsa. Da allura ko bakin reza ake tsinke shi a hankali, a zare shi kaf, domin bayan riƙe fanka da yake yi, yana cin robar da ke hana ruwa shiga motar. Da zarar wannan robar ta tafi, famfon ya tafi.

Daga nan sai tiyo. A cire shi a hura, ko a zura masa ruwa daga ɗaya bakin. Zanzaro yana son gina ɗaki a bakin tiyon jirgin da ya daɗe a ajiye. A kuma duba ko tiyon ya lotsa a tsakiya, ya sauka sannan ya sake hawa. Ruwa yana kwanciya a wannan lotsawar, ya tare iskar da ke tsakaninsa da famfo, sai fankar ta yi ta juyawa cikin iska ba ta kama ruwa ba. Maganinsa a gyara tiyon ya riƙa hawa kai tsaye daga famfo har bakin jirgi, ba lanƙwasa ba saukowa. Bawul ɗin hana ruwa komawa da wasu ke sakawa a tiyo shi ma yana jawo wannan matsalar, ga shi yana kama datti, shi ya sa masu ƙera irin wannan famfon ba sa son a saka shi.

Idan duk an yi wannan har yanzu ƙarfinsa kaɗan ne, a kai wa mai rewaya ya sa mita. Batir mai cikakken caji, idan ya huta, yana nuna bolt 12.6 ko ɗan sama. In ya nuna 12.2 rabinsa ya tafi. Amma awon da ya fi amfani shi ne wanda aka yi a bakin famfon yana aiki, don siririyar waya mai tsawo tana shanye wuta a hanya. A duba kuma ko ba a juya wayoyin ba. A famfunan kamfanin Rule da makamantansu mai ruwan ƙasa ita ce ta wuta, baƙa ita ce ta komawa. Idan aka juya su famfon zai yi aiki, har ya ɗan fitar da ruwa, amma da baya yake juyawa, kuma mai jirgi zai yi ta zagin kamfani a banza.

Na ji wani mai jirgi yana ce wa mai rewaya, "Oga, fis ɗin nan kullum sai ya ƙone, ka ɗaure min shi da waya mu huta." Shi kuwa ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan ɗaure ba. Fis ɗin gaya maka yake wani abu ya riƙe fanka. In na ɗaure, famfon ne zai narke, kuma ga tankin mai a kusa." Gaskiyarsa. Motar da aka riƙe tana jan wuta ninkin abin da ta saba, ta yi zafi har robar jikinta ta kumbura. A kan kwali ko jikin famfo ana rubuta girman fis ɗin da ya dace, shi za a bi.

Wanda za a haƙura da shi shi ne wanda ke warin ƙuna, ko jikinsa ya kumbura, ko aka girgiza shi aka ji ruwa a cikin motar, ko sandar tana juyawa fankar tana tsaye. Ƙananan famfunan nan a liƙe motarsu take, ba a buɗe ta. Akwai dai wasu, kamar Tsunami na kamfanin Attwood da wasu na Johnson, da ake murɗe motar a fitar a saka sabuwa ba tare da an taɓa tiyo ko kwando ba. In da hali, wannan tsarin ya fi.

To, a ce ya mutu, ko an gaji da buɗe shi kullum. Me za a saya?

Na farko shi ne a sake sayen irinsa, mai fanka. Shi ne mafi araha, mafi sauƙin haɗawa, kuma a cikin masu batir shi ya fi kwasar ruwa da yawa da wuta kaɗan. Rule da Attwood na Amurka ne, Seaflo na China ne, ga kuma tarin marasa suna da ake sayarwa ta intanet. Lambar da ke jikinsu, 500, 800, 1100, 2000, yawan galan ne a awa ɗaya, galan na Amurka mai cin lita 3.8. Wato mai 500 lita 31 ke nan a minti, mai 1100 wajen lita 69, mai 2000 wajen lita 126. Sai dai kada a ɗauki lambar nan da zafi. An auna ta ne famfo yana zubar da ruwa daga bakinsa, ba tiyo, ba hawa, da wuta a cike. Da zarar an ce ya ɗaga ruwan mita ɗaya ta cikin tiyo mai ƙwarya-ƙwarya, da batir da ya kwana yana aiki, abin ya ragu sosai. Ni dai da rabi nake lissafi. Girman tiyo ma ba abin wasa ba ne: mai 500 da mai 800 bakinsu milimita 19 ne, mai 1100 zuwa 2000 milimita 29. Wanda ya sayi mai 1100 ya matse shi da ƙaramin tiyo don shi ne a hannu, kuɗin babba ya biya yana cin aikin ƙarami. Tiyo mai santsin ciki ya fi mai ƙwarya-ƙwarya nesa ba kusa ba, a gudun ruwa da kuma rashin riƙe datti.

Raunin mai fanka a jirginmu shi ne wurin zamansa. Ba ya iya zuƙo ruwa, dole sai yana zaune a cikinsa, a mafi zurfin wuri, inda duk dattin jirgi yake taruwa. An ƙera shi ne da tunanin jiragen shaƙatawa na Turai da Amurka, masu rufaffen ciki mai tsabta. Jirgin da ake juye kifi a ƙasansa, ake ɗora buhun masara da awaki da babur ranar kasuwa, wani abu ne daban. Kuma ba ya ƙarar da ruwa. Idan ruwan ya yi ƙasa sai ya fara shan iska, ya bar kamar yatsa ɗaya ko biyu, kuma da an kashe shi ruwan da ke cikin tiyo ya dawo.

Ana rage masa wannan raunin da dabara biyu da ba su da tsada. A yi masa keji na ragar waya, irin ta taga amma mai ɗan faɗin ido, keji mai girma sosai fiye da famfon, yadda ko gefe ɗaya ya toshe ruwa zai shiga ta wani gefen. Gidan sauro bai dace ba, idonsa ya yi ƙanana, laka za ta like shi nan da nan. Sannan a ɗaura kwandon a kan guntun katako ya ɗan ɗaga daga ƙasa, laka da yashi su kwanta a ƙarƙashinsa. Kada a buga ƙusa ko sukuru a ƙasan jirgi kai tsaye. Kuma duk inda za a sa shi, ya zama hannu yana kaiwa ko jirgi na cike da kaya. Famfon da sai an sauke buhu goma kafin a kai gare shi, ranar da ya toshe a tsakiyar ruwa daidai yake da babu.

Sai maganar ya riƙa tashi da kansa. Hanyar da aka fi sani ita ce fulot, wani ɗan hannu na roba da ruwa ke ɗagawa ya kunna famfo. Amfaninsa a fili yake, musamman ga jirgin da ke kwana a kwata da damina. Amma a jirgi mai datti fulot ya fi famfon kansa ba da wahala. Tsinke ɗaya ya shiga ƙarƙashinsa sai ya maƙale a sama, famfo ya yi ta juyawa har batir ya ƙare. Ko leda ta danne shi ya ƙi tashi, jirgi ya cika. In za a saka, a nemi mai murfin kariya, kuma a haɗa wani makunni na hannu daban wanda ba ya bi ta fulot ɗin. Akwai masu na'urar jin ruwa da ba su da abin motsi, sai dai maiƙon fetur da baƙin mai kan rufe musu ido, ga shi injin jirgi mai haɗin mai ba ya rasa ɗiga. Akwai kuma wani samfurin Rule da ke tayar da kansa na ɗan lokaci duk bayan minti biyu da rabi ya ji ko akwai ruwa. Yana da kyau a jirgin da batirinsa ke samun caji kullum. A jirgin da zai yi kwanaki a ɗaure, a hankali yake tsotse batir.

Na biyu shi ne mai batir amma mai fatar roba a ciki. Wannan ba fanka gare shi ba. Wata faifan roba ce mota ke turawa tana jawowa, da bawul a ƙofar shiga da ta fita. Bambancinsa da na farko babba ne: yana zuƙo ruwa da kansa daga zurfin mita biyu ko fiye, saboda haka ana ɗaure shi a sama, a busasshen wuri ƙarƙashin benci, tiyo kawai ke sauka ƙasa. Wayoyinsa ba sa taɓa ruwa. Ko ruwa ya ƙare yana aiki ba ya ƙonewa, kuma yana tsotse ruwan har kusan bushewa. In tiyon ya toshe, ɗago shi za a yi a karkaɗe. Wanda ya yi suna a wannan fannin shi ne Gulper na kamfanin Whale da ke Ireland ta Arewa. An yi shi ne don fitar da ruwan wanka a jirage da motocin da Turawa ke kwana a ciki idan sun fita yawon buɗe ido, inda gashi da kumfar sabulu ke toshe ƙananan famfuna masu fanka. Bawul ɗinsa masu faɗi ne, gashi da ƙananan tarkace suna wucewa ba sai an sa rariya ba. Duk mai jirgi ko motar da ke da wurin wanka ko wanke hannu, wanda ya gaji da buɗe akwatin tara ruwan yana kwashe gashi, wannan ne amsarsa, ba sai an ja magana ba.

A matsayin famfon ceto kuwa, bai isa ba. Gulper 220 lita 14 yake fitarwa a minti, alhali wutar da yake ci ba ta gaza ta mai fanka 1100 ba. Lita 360 ɗin nan ta ruwan dare za ta ɗauke shi kusan minti 26. Ga tsada, ninkin mai fanka sau da yawa. Ga kayan gyara: faifan robar da bawul suna gajiya, ana canja su, amma sai an yi odarsu daga nesa a jira. A kuma kula, ba kowane mai fatar roba ne ke haɗiye datti ba. Ƙananan nan masu araha da ake amfani da su a injin feshi na batir ko wankin mota, bawul ɗinsu ƙanana ne ƙwarai, ƙwayar yashi ɗaya ta tsaya a kai sai ƙarfin ya tafi. Suna kama da shi a hoto, aikinsu daban. Kada mai shago ya ce ai duk ɗaya ne.

Akwai wani iri mai fankar roba mai laushi, irin wadda ke cikin ƙafar injin jirgi tana tura ruwan sanyaya shi. Yana zuƙa da kyau, amma in ya juya ba ruwa na ɗan lokaci kaɗan fankar ta ƙone. Ban ga dalilin da mai jirgi a nan zai ɗora wa kansa shi ba.

Duk waɗannan biyun suna jingine ne da batir, kuma a nan ne lissafin mutane da yawa ke rushewa. Yawancin injinan da ke ruwanmu, Yamaha Enduro mai doki 15, 25 ko 40, da igiya ake tayar da su, ba batir. Wasu suna da kwayil na fitila, wanda sai an ƙara masa na'urar juya wuta kafin ya iya cajin batir. Saboda haka kuɗin famfo shi ne ƙaramin kashi. Mai fanka 500 yana jan kusan amfiya 2, mai 1100 ya ɗan haura 3, mai 2000 ya haura 8. Batirin babur mai 7Ah (wato amfiya 7 na tsawon awa ɗaya), tunda bai kamata a zuƙe batir ya wuce rabi ba, kamar awa ɗaya zai riƙe mai 1100. Batirin mota mai 45Ah zai kai awa shida zuwa bakwai. Sannan wa zai riƙa ɗaukarsa zuwa wurin caji? Ƙaramin faifan sola da kwantirola yana warware wannan, in har akwai inda za a ajiye shi ba a taka ba, ba a kuma ɗauke ba. Batirin a sa shi a akwatin roba mai murfi, a ɗaga shi sama, nesa da tankin fetur. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya, kuma kilif ɗin da ake maƙalawa a kan batir yana tartsatsi duk lokacin da aka sa ko aka cire. A ɗaure wayar da noti, a sa fis kusa da batir, a riƙa kunnawa da makunni.

Abu ɗaya da ba na ko son a sa shi cikin zaɓi: famfon rijiya mai wutar gida, a haɗa da janareto a cikin jirgi. Mutum yana tsaye cikin ruwa ba takalmi, waya mai bolt 220 tana jan ƙasa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na uku shi ne famfon hannu, kuma a ganina shi aka fi rainawa alhali shi ya fi dacewa da yawancin jiragen katako. Shi ma fatar roba ce da bawul biyu, sai dai hannun mutum ne motar. Manyansu, irin Gusher na Whale masu tiyon milimita 38, masu ƙera su suna rubuta lita 50 zuwa 60 da wani abu a minti. Wato a aikace ba ya gaza mai fanka 1100, matuƙar mai bugawa bai gaji ba. Ba ruwansa da batir, ba waya, ba fis. Tiyonsa mai faɗi ne, ɓawon kifi yana wucewa. In ya toshe, yawanci tsinke ne ya tokare bawul ɗaya ya hana shi rufewa, sai a ji hannun ya yi sakwaf ba nauyi. Ana buɗe murfin a cire. Abin lura kawai shi ne a mayar da bawul yadda aka same su, don in aka juya ɗaya famfon ba zai ja ba. Kuma wannan kaɗai ne a cikinsu da mai faci zai iya taimakawa: leɓen bawul da ya yage ana yanko madadinsa daga tsohon tib na mota a lallaɓa. In za a sayi faifan roba na ajiya, a nemi na irin robar da ake kira naitiril, ita ce ke jure fetur da baƙin mai. Rana tana busar da roba ta tsattsage, a rufe shi da buhu idan ba a aiki. Masu hannu da shuni kan sayi na kamfani, amma ana haɗa mai sauƙi da bututun roba na masu aikin famfo, mai sanda a ciki, yana kwashe abin da ya samu.

Aibinsa a bayyane yake. Ba ya tashi da dare, kuma yana cin mutum guda. Mai tuƙi shi kaɗai ba zai riƙe inji ya riƙa bugawa ba, sai in an ɗaure famfon daidai inda hannunsa ɗaya ke kaiwa. In akwai yaron jirgi, matsala ta ƙare.

Injin ban-ruwa mai inci biyu fa, wanda ya cika gonakin noman rani a ƙasan dam? Yana fitar da lita 500 zuwa 600 a minti, ba wanda ya kama ƙafarsa a cikin waɗannan. Da damina ma yawancinsu a ajiye suke, aro ba ya wuya. Aikinsa shi ne tayar da jirgin da ya nutse ko ya cika a kwata. A tsakiyar ruwa kuwa kaya ne: ya haura kilo 20, sai an ɗura masa ruwa kafin ya ja, kuma da ruwan ya yi ƙasa ya sha iska sai a sake daga farko.

Wani lissafi da ya kamata mai ɗaukar fasinja ya riƙe: huda mai faɗin inci ɗaya, santimita 30 ƙarƙashin ruwa, tana shigo da wajen lita 40 a minti. Wannan ya riga ya fi ƙarfin mai fanka 500 ko da lambar kwalinsa gaskiya ce. In hudar ta kai inci biyu, ruwan ya ninka huɗu. Jirgin da ya daki kututture katakonsa ya tsage, babu ƙaramin famfon da zai riƙe shi. A irin wannan lokacin yankakkiyar jarka a hannun mutum biyu masu kwalfewa da gaske ta fi famfon batir, na mintocin farko dai, kuma abin da ake nema shi ne a cusa tsumma a hudar a nufi gaɓa. Jarkar nan kada famfo ya sa a raina ta, a ɗaure ta da igiya a jikin benci. Haka rigar kariya da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ke ta nanata a sa wa fasinja, da rage lodi, famfo ba ya tsaya musu.

To wa ya kamata ya sayi wanne? Masunci mai ƙaramin kwale-kwale da filafili, ya riƙe kuɗinsa, jarka ta ishe shi. Mai jirgin katako da inji, mai kamun kifi ko dakon kaya, wanda ba shi da batir, ya sayi famfon hannu mai faɗin tiyo, ya ɗaure shi kusa da wurin tuƙi. Sayen mai fanka a irin wannan jirgin sayen abu huɗu ne, famfo, batir, caji da kuma aikin buɗewa kullum. Mai jirgin fasinja, musamman na faiba, ko wanda injinsa ke da batir dama, ya sa mai fanka, kada ya gaza 1100, da kejinsa da tiyon da ya dace, sannan ya ƙara da na hannu. Wanda damuwarsa ita ce jirgi na kwana a ruwa da damina, mai fanka da fulot mai murfi da faifan sola shi ne kaɗai zai yi masa gadi, ko da yake tamfol mai kyau da aka ɗaure ya yi tudu a tsakiya yana hana rabin aikin tun daga tushe. Mai fatar roba na batir kuwa na wanda ke da rufaffen jirgi ne, ko wurin wanka, ko wani lungu da famfo ba zai zauna ba sai tiyo.

Wanda zai yi oda daga Legas ko ta intanet ya tabbatar an rubuta bolt 12, domin akwai masu 24 da suke kama da su sak, kuma a batir ɗaya da ƙyar za su motsa. Idan ya iso, kafin a ɗaure shi a jirgi, a gwada shi a gida: a cika baho da ruwa, a haɗa tiyon da za a yi amfani da shi ɗin, a ɗaga bakinsa daidai tsayin gefen jirgin, a duba agogo a ga daƙiƙa nawa zai cika jarka mai lita 25. A rubuta adadin da fenti a cikin murfin akwatin batir. Duk ranar da aka sake gwadawa aka ga lokacin ya ninka, a danna kunnuwan kwandon a nemi zaren kalli.